Darasi na 7: Ƙaramin Injin Fetur Mai Turbo, Ƙarfinsa da Juriyarsa

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana aikin da turbo yake yi a jikin inji;
2. karanta lambobin da ke takardar bayanin inji, ya faɗi ma'anar kowace;
3. lissafa girman inji, da ƙarfinsa a kowace lita, da kuɗin man da yake sha;
4. nuna wuraren da irin wannan inji ya fi lalacewa, da abin da ke jawo hakan;
5. tsara yadda za a kula da shi a ƙasa mai zafi da ƙura.

1. Yadda aka yi inji ya ƙanƙance

Duk wanda ya yi wayo a arewacin Nijeriya kafin shekarar 2000 ya san Peugeot 504. Tun 1975 ake harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta yi shekaru kusan talatin tana fitowa daga wannan masana'anta. Injinta da aka fi sani silinda huɗu gare shi, girmansa lita biyu, kafireto ke ba shi mai, ƙarfinsa kuwa bai kai doki 100 ba. Babban inji ne da ba a matsa masa ba, shi ya sa yake haƙuri da baƙin mai kowane iri da ruwan rijiya a lagireto.

A 2012 kamfanin Ford ya saka wani sabon inji a motarsa Focus, ya kira shi 1.0 EcoBoost. Silinda uku ne kacal, girmansa lita ɗaya, gangar jikinsa tana iya zama a kan takardar A4. Duk da haka yana ba da doki 125. An ƙera shi a Kolon ta ƙasar Jamus da Craiova ta Romaniya, kuma ya lashe kyautar gwarzon inji ta duniya shekara uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Rabin girman injin 504, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Doka ce ta tura kamfanoni wannan hanya. A 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa daga 2015 matsakaicin hayaƙin kabon na sababbin motoci kada ya wuce giram 130 a kowace kilomita, daga baya aka sauke shi zuwa giram 95. Yawan kabon da mota ke fitarwa yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da yawan fetur da ta ƙona, saboda haka dole a rage shan mai. Volkswagen ya fito da 1.2 da 1.4 TSI, Peugeot ya fito da 1.2 PureTech, Honda ya sa 1.5 mai turbo a Civic ta 2016 da CR-V ta 2017 da Accord ta 2018.

Motocin da suka tsufa a Turai da Amurka su ne ke sauka a Kwatano da Legas, su gangaro Kano da Maraɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, masu saye sun ƙara karkata ga ƙaramin inji. Da yawa suna saye ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashin bonet ba, kuma a nan asara take farawa.

2. Aikin turbo

Inji ba ya cin fetur shi kaɗai. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, sai an gauraya shi da iska kimanin kilo 14.7. Zuba mai a silinda ba wuya, famfo ya isa. Iskar ce ke da wuyar samu. Injin da ba shi da turbo yana zuƙar iska da kansa lokacin da fistin ke sauka, kuma ba zai zuƙi fiye da cikin silindar ba. In ana son ƙarin ƙarfi, sai a ƙara girman silinda ko yawansu, mota ta yi nauyi, shan mai ya ƙaru.

Maƙeri ya daɗe da sanin wata hanyar. Idan yana son wuta ta ci ƙarfe, ba ya faɗaɗa murhu. Zuga-zugi yake sa yaro ya zuga, gawayin nan kaɗan ya yi jajur. Turbo shi ne zuga-zugin inji, sai dai hayaƙin da injin ke fitarwa ne yake zuga shi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara tun 1905. Jiragen ruwa da jiragen sama da manyan motoci ne suka fara cin moriyarta. Ƙananan motoci sai a 1962, a Amurka.

Idan bakanike ya ciro turbo na ƙaramin inji ya ɗora a tebur, za a ga murɗaɗɗun gidaje biyu a manne. Ɗaya baƙin ƙarfe ne da wuta ta gasa har ya yi launin tsatsa. Ta nan hayaƙi ke bi. Ɗayan farin alminiyam ne, fes, ta nan iska mai kyau ke shiga. A cikin kowanne akwai 'yar fanka, kuma sanda guda ce siririya, wadda kaurinta bai kai santimita ɗaya ba, ta haɗa su. Hayaƙi ya juya fankar farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta danna iska cikin silinda. A tsakiyar gidajen akwai ƙananan bututu: na baƙin mai mai shiga da mai fita, da na ruwan sanyaya inji.

Waɗannan bututun su ne ran turbo. A injin Ford ɗin nan sandar tana iya juyawa sau 248,000 a minti ɗaya, wato sama da sau 4,000 a daƙiƙa. Hayaƙin da ke dukan fankar yana iya haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ke hana sandar gogar ƙarfe kuwa ɗan siririn shimfiɗin baƙin mai ne da take shawagi a kai. Idan man ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi, ko ya zo da datti, turbo ya tafi.

Iskar da aka danna tana yin zafi, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi. Shi ya sa ake bi da ita ta wani ɗan lagireto nata na musamman, intakula, ta huce kafin ta shiga inji. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da kwamfutar mota ke buɗewa ta karkatar da hayaƙi kai tsaye zuwa salansa idan matsin ya isa, don kada ya wuce kima.

Wata fa'ida da ba a cika ambata ba: injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska tana raguwa a kan tudu. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, asarar ta haura kashi 10. Mai turbo yana cike mafi yawan wannan giɓi.

> Akwatin kalmomi na 1
> Turbo: na'urar da ke amfani da ƙarfin hayaƙin inji ta danna ƙarin iska cikin silinda.
> Matsin turbo: yawan ƙarfin da aka danna iska da shi sama da na iskar waje. Ana auna shi da bar ko psi, ma'aunin da mai faci ke amfani da shi a taya.
> Intakula: na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya danna kafin ta shiga inji.
> Fesa mai kai tsaye: tsarin da injekta ke fesa fetur a cikin silinda ita kanta, ba a hanyar shigar iska ba.

3. Karatun takardar bayanin inji

Ga injuna biyu na kamfani ɗaya, da aka sa a mota ɗaya, Ford Focus, a lokaci ɗaya:

| Bayani | 1.0 EcoBoost, mai turbo | 1.6 Ti-VCT, marar turbo |
|---|---|---|
| Silinda | 3 | 4 |
| Girma | 999 cc | 1,596 cc |
| Ƙarfin doki | 125 | 125 |
| Ƙarfin murɗawa | 170 Nm | 159 Nm |
| Inda murɗawar ke cika | 1,400 zuwa 4,500 rpm | 4,000 rpm |
| Matsewar silinda | 10 da 1 | 11 da 1 |

Yawancin masu saye a layin doki suke tsayawa, alhali layi na biyar ya fi ba da labari. Ƙarfin murɗawa shi ne abin da direba ke ji a bayansa idan ya taka totur daga tsaye, ko yana hawan tudu da kaya. Injin 1.6 sai ya yi kuka ya kai juyi 4,000 a minti kafin ya ba da dukkan abin da yake da shi. Ƙaramin yana ba da nasa tun daga 1,400, ɗan sama kaɗan da gudun da inji ke yi a tsaye, ya kuma riƙe shi har 4,500. Na ɗan gajeren lokaci, kamar wajen wuce babbar mota, kwamfuta tana barin sa ya kai 200 Nm. Wannan ne ya sa wanda ya tuƙa shi ba tare da an gaya masa ba yake ɗauka babban inji ne.

> Akwatin kalmomi na 2
> cc: ma'aunin girman inji. 1,000 cc lita ɗaya ce.
> Ƙarfin doki: yawan aikin da inji ke yi a cikin ƙayyadadden lokaci. Doki 125 daidai yake da kilowat 92.
> Ƙarfin murɗawa: ƙarfin da inji ke juya ƙafafun mota da shi. Alamarsa Nm.
> rpm: sau nawa inji ke juyawa a minti ɗaya.
> Matsewar silinda: sau nawa fistin ke matse iska da mai kafin fulogi ya ba da wuta. 10 da 1 na nufin an matse su zuwa kashi ɗaya cikin goma na wurin da suka cika.

Misali na 1: girman inji. Faɗin silindar 1.0 EcoBoost santimita 7.19 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa santimita 8.2. Rabin faɗin shi ne 3.595. A ninka shi da kansa, a samu 12.92. A ninka da 3.14, a samu 40.6. A ninka da 8.2, a samu kimanin 333 cc. Silinda uku ne, saboda haka 333 × 3 = 999 cc.

Misali na 2: ƙarfi a kowace lita. Ana raba ƙarfin doki da girman inji. Peugeot 504: ƙasa da 100 ÷ 2, wato ƙasa da doki 50 a lita. Ford 1.6: 125 ÷ 1.6 = 78. Ford 1.0: 125 ÷ 1 = 125. Honda Accord ta 2018 mai 1.5: 192 ÷ 1.5 = 128. Wannan lamba tana nuna irin nauyin da aka ɗora wa kowace silinda. Lita ɗaya ta sabon inji tana ɗaukar aikin da ya ninka na 504 fiye da sau biyu da rabi, da zafi da matsi daidai gwargwadon haka.

4. Shin da gaske yana rage shan mai?

Yana ragewa, amma da sharaɗi. Idan direba yana tafiya a hankali, turbo kusan hutawa yake yi, motar tana shan mai irin na injin lita ɗaya. Da zarar an danne totur, iska ta ninku, dole mai ya ninku. A wasu lokutan ma kwamfuta tana ƙara fesa fetur fiye da buƙata don kawai ta sanyaya silinda da turbo. Ƙafar direba ce ke yanke hukunci, kuma shi ya sa mutum biyu masu mota iri ɗaya suke gardama a kan shan manta.

Misali na 3: lissafin aljihu. Lambobin nan na koyon lissafi ne. A ce wani malamin makaranta yana yin kilomita 1,200 a wata, litar fetur kuma ₦1,000. Tsohuwar motarsa tana shan lita 9 a kilomita 100: 12 × 9 = lita 108, wato ₦108,000. Sabuwar mai turbo, in ya lallaɓa ta, lita 7: 12 × 7 = lita 84, wato ₦84,000. Rarar wata ₦24,000, ta shekara ₦288,000. To amma baƙin man da ya dace da ita ya fi tsada. A ce bambancin ₦25,000 ne a kowane juye, kuma sau uku yake juye a shekara: ₦75,000. Ainihin rararsa ₦213,000 ce. In kuwa mai nauyin ƙafa ne, motar ta koma lita 8.5, rarar mai ta shekara ₦72,000 ce kawai, ba ta ma biya bambancin kuɗin juye ba.

5. Juriya: inda ake samun matsala

Kanikawa da yawa suna cewa injin turbo ba ya ƙarko. Maganar tana da tushe, amma idan aka bi manyan matsalolin da suka fito fili ɗaya bayan ɗaya, za a ga wani abu: ba turbo ne ya fara lalacewa ba. Hanyar ruwa da hanyar baƙin mai su ne suka ba da kai.

A fara da ruwa. Motocin Focus masu 1.0 da aka ƙera tsakanin Oktoban 2011 da Oktoban 2013 sun zo da wani bututun ruwa na leda mai tauri, wanda zafi ke sa shi ya tsage. Ruwa ya tsiyaye, ƙaramin inji mai ɗaukar zafi da sauri ya ƙone kafin direba ya ankara. A Birtaniya kamfanin ya kira motoci sama da 44,000 don canza bututun, kuma a 2018, bayan wani binciken BBC, ya amince ya ɗauki kuɗin gyaran waɗanda injinsu ya lalace ta wannan hanya. Ɗan bututu mai araha ne ya ci injuna masu tsada.

Ta biyu ta fi tsanani, kuma ita ce ta fi shafar mai sayen tsohuwar mota. Kowane inji yana da taimin, wato abin da ke haɗa juyawar ƙasa da ta sama don bawul su buɗe a kan lokaci. A da, ko dai sarƙa ce a cikin mai, ko bel na roba a waje, a bushe. Ford ya sa bel na roba a cikin baƙin mai, don ya rage gogayya da ƙara, ya ce zai kai shekara 10 ko kilomita 240,000. A inda ake juye a kan kari da man da aka tsara, bel ɗin yana daɗewa. A inda aka yi jinkiri, ko aka zuba man da ba nasa ba, ko fetur ya gauraya da man, robar tana kumbura ta fara marmashewa. Ɓurɓushin ya gangara kaskon mai, ya toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki. Bakaniken da ya buɗe kaskon zai ga rariyar ta cushe da baƙin gari mai danƙo. Matsin mai ya faɗi, turbo ya fara jin jiki, sannan inji ya buga, alhali sandar awo tana nuna mai a cike.

Peugeot da Citroën sun bi wannan tsari a 1.2 PureTech, suka gamu da ciwo iri ɗaya. A wasu motocin ɓurɓushin ya taɓa har famfon da ke taimaka wa birki. An rage wa'adin canza bel ɗin zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000, kuma a 2024 kamfanin Stellantis, mamallakin su biyun, ya tsawaita garanti a Turai zuwa shekara 10 ko kilomita 175,000. A Amurka, a ƙarshen 2023, Ford ya kira motocin Focus da EcoSport kusan 140,000 saboda abin da ke ɗaure bel ɗin famfon mai yana karyewa. Daga ƙarshe Ford da Stellantis sun koma taimin na sarƙa a sababbin nau'o'in injunan. Wannan komawa ta isa shaida cewa tsarin bai cika alkawarinsa ba, kuma bai kamata a ɗora wa masu mota laifin duka ba.

Injin Honda 1.5 kuwa sarƙa gare shi tun farko. Tasa matsalar daban ce. Da yake ana fesa fetur kai tsaye a silinda, kaɗan yana bin bango ya zurara cikin baƙin mai. Idan inji ya yi zafin da ya kamata, wannan fetur yana tashi ya ƙone. Idan bai yi ba, sai ya taru: mai ya ƙaru a sandar awo, ya tsinke, yana warin fetur. Abin ya yi ƙamari a wurare masu tsananin sanyi, a arewacin Sin da Kanada da arewacin Amurka, musamman ga masu gajeriyar tafiya. A 2018 an kira motoci a Sin, aka kuma sabunta manhajar kwamfutarsu a Amurka da Kanada don inji ya riƙa ɗumama da wuri.

Akwai ƙananan larurori biyu da suka shafi kusan duk wannan dangi. Saboda fesa mai kai tsaye, fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke su, don haka baƙin datti yana taruwa a bayansu da tafiyar shekaru, inji ya fara rawa a tsaye. Sai kuma kamawar wuta kafin lokaci: idan aka danne totur a babbar giya mota tana tafiya a hankali, mai yana iya fashewa kafin fulogi ya kunna, ya fasa fistin. Don maganin wannan ne aka fito da matakin baƙin mai API SN Plus a 2018, da API SP a 2020.

> Akwatin kalmomi na 3
> Jiƙaƙƙen bel: taimin bel na roba da ke aiki a cikin baƙin mai.
> Tsinkewar mai: gaurayar fetur da baƙin mai har kaurinsa ya ragu.
> Okten: lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba.
> Tamostat: ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafin aiki, sannan ta sake shi zuwa lagireto.

6. Kula da shi a ƙasar zafi da ƙura

Wasu al'adun gareji da suka yi wa 504 da tsofaffin Toyota daidai suna kashe wannan inji, kuma wajibi ne mai mota ya san su, ya iya cewa a'a cikin mutunci.

Ta farko ita ce zuba mai kauri. Sau da yawa za a ji bakanike yana cewa, "Alhaji, wannan man ruwa ne, zafin ƙasarmu sai mai kauri." Da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma hanyoyin mai na waɗannan injuna ƙanana ne ƙwarai, kuma 20W-50 yana jinkirin isa turbo da safe, lokacin da aka fi buƙatarsa. Ford 1.0 yana son 5W-20, Honda 1.5 yana son 0W-20. Man da ake aunawa daga duro a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, bai da wuri a nan ko kaɗan. Tazarar juye da ke littafin mota ta ƙasashe masu tsaftar hanya ce. Littafin da kansa yana cewa a rage ta a wurin ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye. Juye a kowace kilomita 5,000 zuwa 7,500, tare da sabuwar filta, ya fi kwanciyar hankali.

Ta biyu ita ce cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Wanda ya yi haka ya hana inji kai zafin aikinsa, musamman da safiyar hunturu, wato ya ƙirƙiro da hannunsa yanayin da ya jawo tsinkewar mai a ƙasashen ƙanƙara. Kwamfuta kuma, ganin inji da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Idan mota tana zafi, a nemi dalilin: lagireto ya toshe, fanka ta mutu, murfi ya saki, ko bututu yana yoyo. Ruwan sanyaya inji na gaskiya ake zubawa, mai hana tsatsa, domin ruwan rijiya yana barin gasari a ƙananan hanyoyin turbo.

Ƙura tana cin fankar turbo kamar yadda take cin ringi. A lokacin hazo a riƙa duba filtar iska kowane wata. Busa ta da iskar mai faci ba ya mayar da ita sabuwa, wani lokaci ma huda ta yake yi. Fetur kuma a saya a gidan mai da aka yarda da shi. Injunan Turai an tsara su ne a kan okten 95, na Honda daga Amurka yana karɓar kimanin 91 a wannan ma'auni. In man ya gaza, kwamfuta tana rage ƙarfi don ta kare inji, amma ba ta da dabarar kare injekta daga ruwa ko datti irin wanda ake iya samu a galan ɗin 'yan bumburutu. Gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo Nijeriya a Fabrairun 2022 ya nuna cewa ko a gidan mai sai da lura.

Sauran ɗabi'un tuƙi ne. Kada a taka totur da ƙarfi kafin inji ya ɗumama. Bayan doguwar tafiya da gudu, kamar daga Kaduna zuwa Kano, a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi ya ƙone ya daskare. A mota mai giyar hannu, a sauko giya kafin a nemi ƙarfi. Jar fitilar mai ko ta zafi in ta kama, a tsaya nan take, ba a ce bari a ƙarasa gida ba.

Misali na 4: karatun galan. Wata ma'aikaciyar jinya tana da Focus 1.0. A shago an nuna mata galan biyu, dukansu 5W-20. A bayan na farko an rubuta WSS-M2C948-B, na biyu babu. Na farko za ta ɗauka, domin wannan ita ce lambar da Ford ya ware wa injin, kuma an gwada man da robar bel ɗin. Kauri ɗaya ba ya nufin sinadari ɗaya.

Misali na 5: sayen 'yar Kwatano. Wani ɗan kasuwa ya ga Focus 1.0 ƙirar 2014, agogonta yana nuna mil 95,000. A ninka da 1.6: kilomita 152,000. Bai kai 240,000 ba, amma motar ta wuce shekara 10, saboda haka wa'adin bel ya cika ta fuskar shekaru. In babu takardar da ke nuna an canza shi, sai ya sa kuɗin canjin da na wanke rariyar mai a cikin cinikin. Ya kamata kuma ya je da safe a tayar da injin a gabansa yana da sanyi, ya duba ko salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, ya sansana sandar awon mai, ya duba ko akwai mai a cikin bututun intakula fiye da ɗan danshi, sannan a jona kwamfutar bincike kafin ya biya.

Tambayoyin bita

1. Mene ne yake juya turbo, kuma me turbo yake ƙara wa silinda?
2. Me ya sa ake sanyaya iskar da turbo ya danna?
3. Wani inji yana da silinda 4, kowace 374.5 cc. Lita nawa ne girmansa? Idan ƙarfinsa doki 174 ne, doki nawa yake bayarwa a kowace lita?
4. Injunan Ford biyu da ke cikin jadawali ƙarfin dokinsu ɗaya. Wanne ne zai fi saurin tashi daga tsaye da kaya, kuma wane layi ne ya nuna haka?
5. Bayyana yadda jiƙaƙƙen bel zai iya sa inji ya buga alhali baƙin mai yana cike.
6. Wace alaƙa ce tsakanin cire tamostat da tsinkewar mai?
7. Direba yana yin kilomita 900 a wata, motarsa tana shan lita 7.5 a kilomita 100, lita kuma ₦1,000. Nawa yake kashewa a shekara?
8. Mota ta zo daga Amurka da mil 70,000 a agogo. Kilomita nawa ke nan?
9. Aikin rukuni: ɗalibai su samo littafin wata mota mai turbo ko galan ɗin baƙin mai, su rubuta kaurin man, da matakin API, da tazarar juye, su kawo aji a tattauna.